Sassaƙen Gabas da Yamma

Ƙanena ya rasu yana ɗalibi a makarantar kwana ta maza da ke kan hanyar Jega zuwa Aliero. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin bazara, kafin ma saƙon ciwon ya isa gida Kuberi. Ni lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar, ni da taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata. Mu biyu muka riƙe kan makara.

Makarantar tsohuwa ce, tun ta zamanin Turawa, mai azuzuwan jan dutse da doguwar baranda. Tana da wata al'ada da ban san wanda ya fara ta ba. In ɗalibi ya rasu, sai a dasa masa maɗaci a tsakar makaranta ya zama sadakarsa, duk wanda ya sha inuwar, ko tsuntsu ne, ladan na mamacin. Na sauran yaran duk a gefe aka jera su, jikin katanga. Na ƙanena kuwa, saboda a shekarar gefen ya cika, sai aka haƙa masa rami a tsakiyar fili, daidai tsakanin ƙofar shiga da babban ɗakin taro. Taubashina ne ya ɗebo bokitin ruwan farko ya zuba masa. Na tuna yana kuka har majina, ni kuma ina jin haushin kukan nasa ya fi nawa ƙara.

Inna ba ta taɓa kiran yaron da sunansa ba, Auta take ce masa. Da aka gaya mata zancen itacen, sai ta riƙe shi da hannu biyu. Hujjarta ba ta da tsawo. Auta bai yi aure ba, bai bar ɗan da zai yi masa addu'a ba, bai haƙa rijiya ba, bai gina masallaci ba. Abin da ya bari a bayan ƙasa da zai riƙa kai masa lada kabari shi ne wannan itace. Duk shekara in an cire albasa an huta, sai ta hau motar Maiyama, ta sauka Jega, ta sake wata, ta zo ta wuni a gindinsa. Da ya yi inuwa ta sayo randa ta kafa a wurin, ta roƙi masu dafa abinci su riƙa cika ta. Ɗalibai suka sa wa wurin suna Randar Inna, har waɗanda ba su san wace ce Innar ba.

Ni na yi karatun malanta na dawo makarantar ina koyar da tarihi. Taubashina ya shiga aikin gwamnati a Sakkwato. Duk wanda ya san taubasantaka ya san yadda muke. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna tsirara yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa ɓarawon ƙwai, saboda wata kazar Inna da ta sha wuya a hannunsa. Ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ya gan ni a cikin taro sai ya cire mini hula ya ce bawa ba ya rufe kai gaban ubangidansa, ni kuma in taka masa sabon takalmi. A ranar aurena ya gaya wa dangin amarya cewa sun yi asarar 'ya. Duk duniya babu wanda nake sakin jiki da shi kamarsa.

Da aka ba mu jiharmu, aka raba mu da Sakkwato, ma'aikata 'yan wannan yanki suka kwaso kayansu suka dawo Birnin Kabi. Zamani ne na ɗoki. Kowa yana ganin gobe za a wayi gari da kwalta har ƙofar ɗakinsa. Cikin wannan ɗokin aka ce za a mayar da tsohuwar makarantarmu reshen wata babbar makaranta, har ana raɗe-raɗin jami'a, kuma kafin nan sai an gyara tsakar ta yadda za ta dace da sabon suna. Aka kafa kwamiti. Da na ji wanda aka ba shugabancinsa, har rawa na taka a ɗakin malamai. Na ce yau ɓarawon ƙwai ya samu akurki.

Ya zo da farar mota da wata babbar takarda a naɗe, ya shimfiɗa ta kan teburin firinsifal. Wanda ya zana ta bai taɓa taka wurin ba, daga wani birni aka aiko da ita. Ga hanya miƙaƙƙiya daga ƙofa zuwa ɗakin taro, ga ciyawa kore shar hagu da dama, ga shataletale a tsakiya da furanni. Na ɗora yatsa a kan shataletalen na ce masa nan fa maɗacin Auta yake. Na ce abin ma ya zo da sauƙi, a zagaye itacen da siminti, shi ya zama shataletalen, motoci su riƙa kewaya shi.

Ya dube ni ya yi dariya. "Bawana, kai da kash sha ƙurar alli hak kanka ya toshe, yaushe kaz zan mai zanen gini? Bari manya su yi aikinsu. Iccen Auta kau, ni nib ba shi ruwan hwarko, kai kana can kana sharɓe."

Na ce masa shi ne mai sharɓen majinar, kowa ya gani. Muka yi dariya, aka naɗe takarda.

Amma Inna ta ji labari, don babu abin da ke ɓoyuwa tsakanin tashar Jega da Kuberi. Ba ta jira an cire albasa ba, ta zo. Ta zauna a gindin itacen ta aika a kira mata ɗan ƙanenta. Ya zo da sauri, ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa mai aiki, ma'aikata suna kallo.

Ta ce, "Ɗan nan, na ji an ce za ku gyaran wuri. Allah shi taimaka. Abu guda nika roƙo. Wanga icce shi kaɗai na Auta yab bari duniya. In yat tahi, ba shi da kowa."

Ya ce, "Gwaggo, ki kwantar da ranki. In dai ni ka riƙe da aikin ga, babu abin da ka taɓa iccen ga. Ki riƙe ni da wagga magana har gaban Allah."

Ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ina tsaye a wurin, kuma na rantse ko a mafarki ban kawo komai a raina ba. Na ma ji kunyar yadda Inna ta sa babban mutum durƙuso gaban leburori.

Aka fara aiki gab da dogon hutu. Motocin yashi da na tsakuwa suka riƙa shigowa suna nuƙurƙusa filin da muka yi wasa a kai. Wata safiya na fito na tarar an kewaye maɗacin da kwanon rufi, dogaye, sun fi tsayin mutum, an kafe su da ƙusa ba ƙofa. Randar an ɗauke ta. Na tambayi taubashina, ya ce don kada direbobi su goge jikin itacen ne, ka san su da ganganci. Na yi masa godiya. Wannan godiyar ita ce har yau in na tuna nake jin kamar in ciji yatsana. Na ce masa ashe ɓarawo ma yana da ranar amfani, na ɗauki jakata na tafi Kuberi noma.

Cikin daminar nan ya kawo mana ziyara. Ya zo wa Inna da goro da sukari da turmin atamfa. Inna ta daɗe tana fama da ciwon ciki, kuma kowa ya san sassaƙen maɗaci maganinsa ne, a jiƙa a sha, in mutum zai iya jure ɗacin. Sai ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani babban ɓawo ya miƙa mata, ya ce daga itacen Auta ne, ya sa an ɗebo mata don ta sha albarkar ɗanta. Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, ta shige ɗaki da shi. Ni ina can ina tsokanarsa kan tumbin da ya fara ajiyewa, muka ci tuwo kwano ɗaya, na raka shi har bakin hanya.

Da aka koma makaranta, ruwa bai ɗauke ba tukuna, ko'ina kore, amma kan maɗacin ya yi wani iri. Ganyen ya yi laushi ya sunkuya. Na ce ko ƙurar siminti ce. Bayan 'yan makonni ya koma ruwan ɗorawa, ya fara zuba, alhali 'yan'uwansa na jikin katanga ko gezau. Ran nan na fito daga aji da alli a hannu, na tsaya ina kallonsa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ari guduma wurin kafinta na ɓalle kwano ɗaya.

An feɗe shi. Tun daga ƙasa har inda hannun mutum zai kai in ya taka wani abu, babu ɓawo ko na rufe tafin hannu, an zagaye shi kaf. Jikin ya bushe ya tsattsage, ga sawun gatari a jere. Duk ɗan manomi ya san abin da wannan ke nufi. Haka muke kashe itacen da ya tsone mana ido a gona in ba mu son wahalar sara, mu zagaye shi mu tafi, shi zai ƙarasa kansa.

A wurinmu ɗibar sassaƙe tana da ƙa'ida. Mai magani yakan tsaya ya yi bisimilla, ya ɗebi ɗan siriri ta gabas, ya zagaya ya ɗebi ɗan siriri ta yamma, ya shafe wurin da laka ya tafi. Shekara na zagayowa itacen ya rufe rauninsa. Maɗacin Auta an sha ɗibarsa haka, ban taɓa hana kowa ba, Inna ma cewa take ƙarin lada ne. Don haka ranar kasuwar Jega na nufi layin masu magani, raina a ɓace, ina neman wanda ya karya ƙa'idar. Ban sha wuya ba. Rumfuna da yawa cike suke da sabon sassaƙen maɗaci, manya-manya. Na tsaya gaban wani dattijo da na saba gani a makaranta, ko gaisuwar kirki ban yi masa ba.

Ya ce, "Malam, kada ka hau ni da hwaɗa. Kiranmu anka yi. An ɓalle muna kwano anka ce mu kwashe duka, wai iccen an gama da shi. Ni gabas da yamma niɗ ɗiba niy yi tahiyata. Waɗanda sunka zo bayana su sunka ƙarasa."

Na ce wa ya kira su.

"Mai hwarar motar nan. Cewa yay yi iccen na gidanku na, shi ad da iko da shi."

Ban san yadda na fita daga kasuwar ba. Da ɗan gari akan ci gari, na sha faɗin wannan a aji ina bayanin yaƙe-yaƙen da, ban san a kaina zai ƙare ba.

Na sami taubashina a ofishin da aka ware wa kwamiti, yana shan shayi da ɗan kwangila. Yana ganina ya fara, wai ga bawa ya zo ba sallama. Na ce ɗan kwangila ya ba mu wuri. Na gaya masa abin da na gani da abin da na ji. Na so ƙwarai ya musa. Da ya ce ƙarya ake yi masa, ina jin da na nemi hanyar yarda.

Bai musa ba. Ya ajiye kofi ya ce, "To mi kaka so in yi? Manya na zuwa buɗe wuri, sun ce daga ƙohwa suka son ganin ɗakin taro. In kai su Kuberi su ji labarin Auta? Na sa leburori su sare, sunka ƙiya, sunka ce ba su aza gatari ga iccen sadaka yana da rai. Na ɗauko wasu daga Sabiyal, su ma haka. Busasshe kau kowa na sare shi. Icce na fa, ɗan'uwa. In an gama sai in dasa ma Gwaggo goma."

Wato ya zauna ya yi lissafi. Ya san mutanenmu ba za su sare ɗanye ba, ya san za su sare matacce, sai ya nemo hanyar da ke tsakani, ya kafa mata kwano don kada in gani. Wannan ne ya fi ƙona ni, fiye da mutuwar itacen. Baƙon da ya zana takarda bai san komai ba, ba ni da abin cewa da shi. Wanda ya san inda za a soka wuƙar shi ne wanda ya ci tuwon Inna ya girma. Kawuna, mahaifinsa, mutum ne da ko kazar maƙwabci ba ya kora da ƙarfi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Na tambaye shi ɓawon da ya kai wa Inna fa. Ya kau da kai ya ce ai magani ne, da a bar wa 'yan kasuwa duka gara ita ma ta samu. Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba zan rubuta su ba. Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, har ya miƙo hannu zai cire mini hula. Na riƙe hannun na mayar masa da shi kan tebur.

Da rani ya shigo aka kawo injin yanka, cikin wuni ɗaya aka gama. Leburorin da suka ƙi a da su suka yi ta ɗibar rassan suna kai wa matansu. Ban ga laifinsu ba, busasshen itace ne. Aka tone kututturen, aka zuba siminti, aka yi shataletale aka shafa masa fari da kore. Aka shimfiɗa ciyawar da sai an yi mata ban ruwa da tanka safe da yamma, a garin da mata ke layi a bakin rijiya. Manya suka zo suka hango ɗakin taro tun daga ƙofa, suka yi tafi suka koma.

Duk wannan lokacin ban gaya wa Inna ba. Na yi ta juya maganar na rasa ta inda zan kama. Da aka cire albasa ta ce in zo in ɗauke ta, ƙafarta ta fara nauyi ba ta iya hawan mota ita kaɗai. Muka shiga ƙofar makaranta da rana tsaka. Ta tsaya, ta sa hannu ta kare ido, ta dubi filin. Babu inuwa ko ta tsayuwar akuya. Ta taka a hankali har bakin shataletalen, ta zauna a kan simintin mai zafi, ta yi addu'arta kamar yadda ta saba. Da ta shafa sai ta tambaye ni randarta. Na nemo ta a bayan sito, an kwaɓa farar ƙasa a ciki ta bushe. Ta ce a bar musu.

Sai da muka koma Kuberi na ce mata, Inna, akwai abin da ban gaya miki ba game da wanda ya yi wannan aiki. Ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar fanteka daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Ɓawon nan ne, a naɗe cikin ɗankwali, ko ɓantara ba a yi ba.

Ta ce, "Dube shi da kyau. Sassaƙen gabas da yamma bai wuce yatsa ukku. Wanga ya yi hwaɗin faifai, ga shi ya lanƙwashe awa bakin tulu. Tun randa yam miƙo man shi nis san an zagaye Auta."

Na ce, kika sani, kika sa masa albarka?

"Ɗan ƙanena na. In niɓ buɗe baki ran nan, abin da ka hita ba shi iya ɗauka tai. Na rasa guda, ba ni son in kashe ma ƙanena nashi da bakina. Albarkar kau da niy yi, na yi ta don kada wata mugunyar magana ta riga ta hita."

Ta mayar da ɓawon cikin ɗankwali ta ɗaure. Ciwon cikin bai bar ta ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa jiƙa ko ƙwaya daga cikinsa ba. Itatuwa goman da aka yi mata alkawari ba ta tambaya ba, ba a kuma kawo ba.

Ni ba ni da irin zuciyar Inna, ban kuma yi da'awar ina da ita ba. Da babbar salla ta zo, dangi suka taru a gidanmu kamar kullum, sai ga farar mota. Ya shigo zaure da fara'arsa, ya gaisa da dattawa, ya hango ni a gefe. Ina jin ya ɗauka watanni sun wanke abin. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ina bawan nan nau? Zo ka cire man takalmi."

Mutane suka fara dariya, suna jiran in rama, don sun saba in mun haɗu sai an riƙe ciki. Na tashi na je gabansa. Na cire hulata da kaina, na durƙusa har ƙasa, na ce, "Ranka shi daɗe, an zo lahiya? Ya iyali? Ya aiki? Allah shi ƙara girma."

Dariyar ta tsaya. Ya ce in bari mana, mene ne haka. Na ce, "Ranka shi daɗe, a kawo ruwa ko hura?" Kawuna yana zaune a kan buzu, ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya gane an yi wani abu, bai kuwa tambaya ba.

Yanzu duk mun yi furfura. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, wani lokaci a tashar Jega. Yakan gwada, ya jefo tsohuwar tsokana ya tsaya yana kallon bakina. Ranar da muka binne Inna ya kama hannuna a bakin kabari, idonsa jawur, ya ce ko sau ɗaya in ce masa ɓarawon ƙwai. Na zare hannuna na ce, "Ranka shi daɗe, mun gode da zuwa."